Dakan Wofi

Laraba, bayan la'asar

Yau na fita, karon farko tun bayan sadakar arba'in ɗin ɗiyata Altine. Ladi maƙwabciyata ce ta ja ni. Ta ce mata na taruwa a gindin mangwaron ƙofar mai unguwa, wata ma'aikaciyar asibiti za ta yi magana. Na ce mata ciwona ba na asibiti ba ne. Ta ce, "To zo ki zauna cikin mutane, Innar Altine, ko bangon ɗakinki ya huta da kallo."

Sunan matar Malama Zipora, 'yar mutanen kan tudu ce ta wajen Shanga, gajera, da jaka a rataye. Na ɗauka maganar rigakafi ce. Sai ta ce ta zo ne a kan dukan da ake yi wa mata a cikin gida. Kowace mace ta sami abin gyarawa a bakin zanenta.

Ta ce ba hannu kaɗai ke duka ba. Hana mace abinci, hana ta zuwa awo, kulle ta, zaginta a gaban 'ya'yanta, duk cuta ce. Ta ce in mace ta zo muku da rauni, ku fara ba ta ruwa, ku ba ta wurin zama, ku kai ta a duba ta, kada ku mai da ita a ranar. Kuma kada ku tambaye ta me ta yi masa.

Wannan na ƙarshen sai da ta maimaita.

Ladi ta aiko da tuwo. Yana nan a rufe.

Alhamis, da hantsi

Ruwan kogi ya ƙara ja baya. Daga ƙofata ina hango jiragen da ke ƙetarawa zuwa Wara, garin da aka kai Altine aure. Ba na son kallonsu, amma ina kallo.

Asabar, da azahar

Zahra'u ta shigo neman gishiri. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, matar Surajo mai jirgin inji. Tare suka yi Islamiyya da Altine, allo ɗaya, takalmi ma wani lokaci ɗaya. Cikinta ya fito sosai yanzu.

A wannan zafin ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Da ta sunkuya karɓar gishirin sai mayafin ya zame, na ga idon a kumbure. Ta ce, "Ƙofa ce ta buge ni, Inna."

Na ce, "Sannu."

Ɗakinsu ba ya da ƙyaure. Labule ne.

Ni ma an gaya mini santsi ne ya kwashe Altine a tsakar gida. Rabon ƙasar nan da ruwan sama tun kaka. Da aka ƙetaro da ita ni na yi mata wanka da hannuna. Abin da na gani ba zan rubuta ba.

Litinin, da yamma

Ban hura wuta ba yau ma.

Laraba, bayan la'asar

Na koma gindin mangwaro da ƙafata, ba wanda ya ja ni.

Malama Zipora ta karanta mana lambar wayarta, ta ce duk wadda abu ya same ta ta kira ko da wane lokaci ne. Sai Gwaggo Dudu, tsohuwar da ta yanke wa rabin unguwar nan cibiya, ta tofar da goronta ta ce, "Ɗiyata, wayar wa? Wayoyin matan unguwar ga suna aljihun mazansu. Wadda ake shaƙewa ta ce mai, tsaya ba ni aron waya in kai ƙararka?"

Aka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Malama ma ta yi. Ta ce, "To Gwaggo, ku kuka san gidajenku. Me mace ke da shi a kusa wanda ba a ƙwace mata?"

Aka yi ta faɗa. Wata ta ce ihu. Ladi ta ce ihu kullum ana jin sa, kowa na cewa tsakanin mata da miji ne. Gwaggo Dudu ta ce, "Turmi."

Tun muna yara an hana mu daka turmi ba komai a ciki, wai yunwa ake kira. Saboda haka ba macen da ke yi, ko da wasa. Kuma ba macen da ba ta san muryarsa ba: mai hatsi a ciki yana amsawa a ƙasa, na wofi kuwa ƙara yake yi kamar ganga. Namiji zai wuce bai bambance ba.

Haka aka tsayar. Wadda ta shiga uku ta daka turmin wofi. Duk wadda ta ji ta ɗauki taɓaryarta ta yi sallama ta shiga, ta ce ta zo taya daka. Ba a korar mace in ta zo taya daka. Ba zagi, ba kokawa, a dai cika gidan a zauna. Malama ta ƙara da cewa ɗaya ta ruga ta kira mai unguwa ko Malam Basiru na'ibin liman, don shi ke zama da maza a kan wannan maganar. In kuma an ga makami kada a matsa kusa.

Zahra'u ba ta zuwa taron. An hana ta.

Alhamis, da hantsi

Na ji fitar Surajo, na jira har ƙarar injinsa ta yi nisa. Na taka bulo na leƙa katanga. Tana shanya. Na gaya mata maganar turmi.

Ta ce, "Inna, ni ai lafiya lau nake."

Na ce, "Na sani. Ko za ki ji na wata, ki taya mu."

Ta daɗe tana matse zane ɗaya wanda ba sauran ruwa a jikinsa. Can ta ce, "In an daka, da gaske za a zo?"

Na ce za a zo. Allah ya sa ban yi ƙarya ba.

Juma'a, bayan an sauko

Wancan, mijin Altine, ya aiko a gaishe ni daga Wara. Ban amsa wa ɗan aiken ba. Sunansa ma ba na son hannuna ya rubuta.

Ko da Altine ta daka, wa zai ji ta daga ƙetaren ruwa?

Lahadi, da yamma

Abin kunya ya faru yau, kuma na yi dariya, Allah ya yafe mini.

Da hantsi muka ji shi, tangararau, turmin wofi. Na ɗauka Zahra'u ce. Na fito da taɓarya babu takalmi. Ashe ƙarar daga gidan Ladi take. Ladi kanta tana bakin ruwa sayen kifi, ta ji, ta yar da kwando ta biyo mu a guje, tana tambaya, "Gidan wa? Gidan wa?" har muka tsaya a ƙofarta.

Muka shiga da sallama. Ga Tanimu mijinta, telan nan siriri wanda zakara ke kora daga tsakar gida, riƙe da taɓarya yana zufa. Sabon turmi ya sayo mata daga kasuwar Yelwa, yana gwadawa ya ji ko icen na da kyau kafin ta dawo.

Ya ɗaga kai ya ga mata sun cika gida da taɓare. Taɓaryarsa ta faɗi.

Gwaggo Dudu ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Tanimu, wa ke dukanka, ɗan nan? Faɗa muna. Ba mu tambayarka abin da ka yi mata."

Ladi ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Ni ma. Rabona da jin muryata haka na manta. Da na dawo ɗaki sai dariyar ta juye ta zama wani abu.

Talata, da safe

Tanimu ya ba da labari a teburin mai shayi. Ba da mugunta ba, shi abin dariya ya ɗauke shi. Yanzu duk mazan unguwa sun sani. In mun wuce sai a ce, "Ga rundunar taɓarya nan."

Laraba, bayan la'asar

Tabarma biyu aka shimfiɗa, ɗaya ma ba ta cika ba. An hana mata da yawa zuwa. Wasu kuma kunya ce ta ranar Lahadi.

Malama Zipora ta zo a gajiye, idonta ja, ta kwana a kan mai haihuwa. Ta ce ba laifi don maza sun sani, wataƙila ma wani ya ji tsoron a ji shi. Ta ce Malam Basiru ya yi musu magana bayan sallar isha'i, wasu sun saurara, wasu sun ɗauki takalmansu. Tanimu ya tsaya har ƙarshe, wai yana neman hanyar wanke kansa wurin Ladi.

Da aka tashi ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, kina cin abinci kuwa?" Na ce ina ci.

Alhamis, da azahar

An tara faskare a gindin katangarsu Zahra'u, ta waje. Na tsaya na duba. Guntayen a lanƙwashe suke, cikinsu sumul, da sauran farin gari a jiki.

Da ta fito zubar da ruwa na ce, "Ina turminki?"

Ta ce, "Gara ta cinye shi, Inna."

Icen lafiyayye ne, ko huda ɗaya babu. Tana jan ƙafar hagu.

Juma'a, da hantsi

Ban yi barci ba. Ban hura wuta ba. Ina ta kallon kusurwar ɗaki.

Turmin Altine na nan a kife tun ranar da aka dawo da kayanta. Na icen kirya ne, ni na sa aka sassaƙa mata a Ngaski. Yana da 'yar tsaga a baki, saboda haka muryarsa a shaƙe take kaɗan, kamar mai mura. Ranar da aka kawo shi, kafin biki, ta ɗauki taɓarya ta hau dakansa ba komai a ciki tana rawa. Na fito na ce, "Ke, bari! Yunwa kike kira mana?" Ta ce, "Inna, gaisawa muke yi, ni da shi za mu zauna."

Tun da ya dawo ban taɓa shi ba. Ko shara na zo yi, zagaye shi nake.

Asabar, bayan la'asar

Na kai shi.

Da gangan na bari sai Surajo na gida. Na mirgina shi tun daga ɗakina har ƙofarsu, bayana kamar zai tsinke. Yana zaune a zaure yana kwance wani ƙarfen inji, hannu duk baƙin mai. Ya miƙe ya rusuna, don har yanzu in an gan ni gaisuwar rashi ake yi mini.

"Inna, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Ajiya na kawo, Surajo. Turmin marigayiya ne. Ganinsa na hana ni barci. A ajiye mini a wurin Zahra'u, ƙawarta ce."

Ya dubi turmin, ya dube ni. Ya san abin da nake yi, na san ya sani. Amma wa zai mai da uwar mamaciya da kayan ɗiyarta daga ƙofa? Wa zai sa gatari a kan amanar wadda ke kabari?

Ya ce, "Ba damuwa, Inna."

Na ce, "Kada gara ta taɓa mini shi."

Ni na shigar da shi da kaina, na tsayar da shi kusa da ƙofar ɗakinta, na jingina taɓaryar a jiki. Zahra'u ta shafa tsagar da yatsa. Ta san shi.

Kusurwar ɗakina ta yi fili. Akwai zagayen da ya bari a ƙasa.

Litinin, da yamma

Shiru.

Laraba, bayan la'asar

Mu kaɗan ne. Malama ta koya mana yadda ake kwantar da mai ciki in ta sha bugu, ta gefen hagu, da abin da in an gani ba a jira gari ya waye. Ladi ta ce in an sake jin turmi ita kam sai ta tabbata kafin ta fita, ba ta son a sake yi da ita a teburin shayi. Wasu suka gyaɗa kai. Na tuna na ce wa yarinyar nan za a zo.

Juma'a, da safe

Jirgin Surajo na kan yashi, injin ya ƙi tashi. Yini yake a gida. Ina jin muryarsa ta katanga. Tata ba na ji.

Lahadi, da azahar

Na gaji. Kunnena ya gaji da saurare.

Talata, bayan magariba

Bari in rubuta tun ban manta yadda aka yi ba.

Da tsakar rana ne, lokacin da zafi ya kora kowa inuwa. Ina kwance. Na ji faɗuwar kwano, na ji abin da na saba ji. Sai kuma na ji shi. A shaƙe, kamar mai mura. Bugu ɗaya, shiru, sannan wani, ba ƙarfi, kamar da hannu guda ake yi.

Na ji kamar in na fita tsakar gida zan tarar da ita tana rawa.

Na dai tashi. Na leƙa waje. Ba kowa a hanya, ko akuya. Na san sun ji. Kowace na bayan ƙofarta tana jiran ta tabbata.

Sai na jawo nawa turmin har bakin ƙofa, a waje, inda kowa zai gan ni. Ni da na tsawata wa ɗiyata a kan dakan wofi, na ɗaga taɓarya na yi ta zuba masa da duk abin da ya rage a jikina. Ban san ina kuka ba sai da gishiri ya shiga bakina.

Daga gidan Ladi sabon turmin nan ya amsa. Sai na gidan Gwaggo Dudu. Sai wani can wajen masu bandar kifi. Kafin in ajiye taɓarya ƙofofi sun fara buɗewa.

Muka yi sallama muka shiga, ba mu jira an amsa ba. Zahra'u na durƙushe ta rungume turmin, hannun dama na lilo. Surajo na tsaye a kanta da igiyar jirgi a ninke.

Gwaggo Dudu ta wuce ta gabansa kamar ba ta gan shi ba, ta zauna a ƙasa tsakaninsu, ta miƙe ƙafafu.

"Sannu da rana, Surajo. Daka munka zo tayawa."

"Ba a daka a gidan nan. Ku fita."

"To, mu jira har a fara."

Mata suka yi ta shigowa suna zama, wata a kan bokiti, wata a bakin murhu. Surajo ya juyo kaina, idonsa jawur. "Inna, har da ke?"

Na ce, "Ajiyata na zo dubawa. Na ji ta yi magana."

Daga zaure sai ga muryar Tanimu, tana rawa kamar zaren keken ɗinki. "Surajo, fito mu gaisa mana. Ga Malam Basiru nan tafe, ga mai unguwa." Shi ya ruga ya kira su, da tef ɗin awo a wuya.

Surajo ya dubi igiyar kamar yanzu ya tsince ta a hannunsa. Ya yar. Ya fita.

Wata dattijuwa daga danginsa ta matso ta ce, "Ke kuwa ɗiyar nan, mi kinka..." Ladi ta tare ta. "Ruwa, Gwaggo. Ruwa aka ce a fara ba ta." Matar ta je ta ɗebo da kanta.

Muka kwantar da ita ta hagu. Aka samo mashin mai ƙafa uku. Ni na riƙe kanta har asibiti.

Laraba, da hantsi

Hannun ya karye, an ɗaure. Jiya Malama Zipora ta ɗora wani ɗan abu a kan cikin, tana matsar da shi nan da can, fuskarta ba ta gaya mana komai. Zahra'u ta damƙe yatsuna har suka yi sanyi. Can sai muka ji. Ƙanana, da sauri, kamar ana lugude a ƙetaren ruwa.

Malama ta ce, "Yana nan."

Na fita waje na zauna a kan dakali na daɗe.

Asabar, da yamma

Tana wurina, a kan gadon Altine. Babanta ya zo daga Ngaski inda ya koma da zama, an zauna a gidan mai unguwa. Malama ta kai maganar ofishin jin daɗin jama'a, sun ce za a kira Surajo. Da aka tambayi Zahra'u, da bakinta ta ce ba ta komawa yanzu. Muryarta ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji.

Baffannin Surajo sun zo biko har ƙofata. Na ce tana barci. Suka ce za su dawo. Na san za su dawo. Abin da zai biyo baya ban sani ba, kuma na gaji da yawa ban iya tunaninsa yau.

Lahadi, da hantsi

Tanimu ya mirgino mini turmin Altine da safe, yana nishi, ya ce shi dai daga yau ko kusa da taɓarya ba ya sake zuwa.

Ban mai da shi kusurwa ba. Na bar shi a tsakar gida. Yarinyar ta ce kunu take sha'awa, na auno gero na zuba a ciki. Bugun farko sai ga kan Ladi ta katanga, ɗankwali a karkace.

"Innar Altine! Lafiya?"

Na ce, "Gero ne, Ladi. Saurara da kyau."

Ta saurara. Ta ce, "To a ajiye mini nawa."

Da gero a ciki tsagar ba ta ko ji. Na hura wuta, na dama. Zahra'u ta sha da hannun hagu, tana zubarwa a zane. Ni ma na sha, har na ƙara.